Sunan yanka da rabon aiki: da gaske sunan yaro yana bin sa har ofis?

Uwar_Tagwaye:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai maganar da ta yi yawa a gidajen suna yanzu, ina so masu sani su warware mana ita. Ana cewa da jin sunan yaro ka san gidan da ya fito: Ammar, Affan, Nabila da Ilham 'ya'yan ma'aikata ne da masu hali, su Tanko, Ladi, Ɗanjuma da Talatu kuwa 'ya'yan ƙauye. Har wasu na cewa sunan gargajiya yana rage wa yaro daraja ranar da zai nemi aiki. Tambayata biyu ce. Da gaske suna yana nuna matsayin gida? In kuwa yana nunawa, shi sunan ne ke tare wa mutum hanya, ko abin da ke bayan sunan? Don Allah a kawo hujja, kada a tsaya a kan "haka ake cewa".

Malam_Na_Tudu:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin a shiga hujja, a raba kayan tukuna, don kin haɗa iri biyu a jeri guda. Bahaushe yakan tashi da suna uku. Akwai sunan yanka, wanda ake yi wa jariri huɗuba da shi, a bayyana shi ranar bakwai: Muhammadu, Abubakar, A'ishatu, Hauwa'u. Akwai sunan rana ko na yanayin haihuwa: Ɗanladi da Ladi na Lahadi, Balarabe da Laraba, Ɗanlami da Lami na Alhamis, Asabe ta Asabar, Tanko namijin da ya biyo mata, Kande macen da ta biyo maza, Gambo mai bin tagwaye, Azumi wadda aka haifa cikin watan azumi. Sai kuma laƙabi ko sunan alkunya, wanda ake ɓoye na yanka da shi saboda an yi wa uba ko uwa takwara: Garba, Iro, Indo, Dije, a yau kuma Abba, Ummi, Walid, Khalifa.

A gidan Musulmi da wuya a yanka rago a ce sunan yaro Tanko. Tanko ɗin nan akwai Ibrahim ko Usman a ƙarƙashinsa. To ina bambancin gida yake shigowa? Wajen wanne daga cikin ukun ya hau takarda. Gidan da aka karɓi takardar haihuwa tun yaro yana goye, sunan yanka ake rubutawa. Gidan da ba a karɓa ba, sai ranar da aka kai yaro firamare hedimasta ya ce "yaya sunanka?", yaro ya faɗi wanda ake kiransa da shi a tsakar gida, a rubuta a rijista, shi ke nan ya bi shi har jami'a. Saboda haka Tanko a kan takardar shaida yakan nuna cewa iyayen ba su saba da harkar takardu ba, ba wai sun zaɓi wani suna daban da na mutanen birni ba.

Lissafi_Dalla:
Madalla da wannan rabewa Malam. Ni zan kawo ɓangaren bincike, don an gwada abin a ƙasashen waje da hanya mai kyau. Yadda ake yi: a rubuta takardun neman aiki iri ɗaya sak, ilimi ɗaya, gogewa ɗaya, a canza suna kawai, a aika wa kamfanonin da suka yi tallar gurbi, a ƙirga wanda aka kira.

Mafi shahara shi ne na Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan da ya fito a 2004. Sun aika takardu kusan 5,000 ga tallace-tallacen aiki sama da 1,300 a biranen Boston da Shikago na Amurka. Rabi da sunayen da aka san Turawa da su irin Emily da Greg, rabi da sunayen da aka san baƙaƙen fata da su irin Lakisha da Jamal. Mai sunan Turawa yakan samu kira ɗaya a takarda 10, ɗayan kuwa sai ya aika kamar 15. Abin da ya fi ciwo a ciki, da suka ƙara wa takardun kyau da gogewa, masu sunan Turawa kiran ya ƙaru sosai, ɗaya ɓangaren kuwa ƙaruwar kaɗan ce.

A Birtaniya ma masu bincike na Jami'ar Oxford sun fitar da irinsa a 2019, da takardu sama da 3,000. Kashi 24 cikin 100 na masu sunan Turawan ƙasar sun samu amsa mai kyau, na sauran ƙabilu kashi 15, alhali duka an nuna ilimi da gogewarsu ɗaya. Akwai sunayen 'yan Najeriya a cikin waɗanda aka gwada. Don haka a ce suna ba ya yin komai, ba gaskiya ba ne.

Baban_Hanan:
To ai magana ta ƙare. Suna linzami ne, dama Hausawa sun faɗa.

Gaskiya_Ɗaya:
Ba ta ƙare ba Alhaji. Abin da Lissafi_Dalla ya kawo wariyar launin fata ce da ta ƙabila, Hajiya kuwa matsayin gida ta tambaya, wato talaka da mai hali a cikin al'umma guda. Ma'aikacin da ya ture takardar Jamal ba ma'anar sunan ya duba ba, launin mai sunan ya hango. Ko an canza masa suna, ranar intabiyu zai ga fuskarsa.

Kuma akwai wani binciken na shekarar 2004 ɗin dai, na Roland Fryer da Steven Levitt, da ya bi wata hanya. Sun ɗauki bayanan haihuwa na jihar Kalifoniya na shekaru masu yawa tun daga 1961, suka duba yadda rayuwar masu irin waɗannan sunaye ta kasance bayan sun girma. Sun ga lalle sunan yana tafiya tare da talauci da ƙarancin karatun uwa. Amma da aka kwatanta yaran da aka haifa cikin hali iri ɗaya, unguwa iri ɗaya, sai tasirin sunan ya ɓace. Wato sunan alama ce ta inda aka fito, ba shi ya haifar da halin ba.

Lissafi_Dalla:
Haka ne, kuma binciken biyu ba su ci karo ba. Na farko ya auna ƙofar shiga ce kawai, wato kiran intabiyu. Na biyu ya auna inda mutum ya tsaya bayan shekaru. Mai yiwuwa ne a ture takardarka a wuri biyar ka samu a na shida. Wani babban gwaji da Patrick Kline da abokan aikinsa suka fitar a 2021 ya ƙarfafa wannan: takardu kusan 83,000 ga manyan kamfanonin Amurka 108. Bambancin yana nan, amma ba ko'ina yake daidai ba, kusan rabinsa daga kashi ɗaya cikin biyar na kamfanonin ya fito. Wasu kamfanonin ba a ga wani bambanci a wurinsu ba.

Game da maganar Gaskiya_Ɗaya kan launi da matsayi, wani masani Michael Gaddis ya nuna a 2017 cewa abubuwan biyu a cakuɗe suke. A cikin sunayen baƙaƙen fata kansu, akwai waɗanda iyaye mata masu ilimi mai zurfi suka fi sa wa, akwai na waɗanda karatunsu bai yi nisa ba, kuma masu jin sunan ba sa ɗaukarsu ɗaya. Ke nan ko a can ɗin, mai tantancewa yana iya karanto matsayin gida daga suna.

Yaya_Rakiya:
Ni dai a bar Amurka a dawo gida. Ibrahim Shekarau ya yi gwamnan Kano daga 2003 zuwa 2011. Balarabe Musa ya yi gwamnan Kaduna a 1979. Audu Bako ya riƙe Kano daga 1967 zuwa 1975. Barau Jibrin ya zama mataimakin shugaban majalisar dattawa a 2023. Gambo Sawaba da Tanko Yakasai kowa ya san su a siyasar NEPU. Hoton Ladi Kwali yana bayan naira 20. Wanne cikinsu sunan gargajiya ya hana?

Gaskiya_Ɗaya:
Yaya, misalan suna da kyau amma ba su isa hujja ba. Na ɗaya, waɗanda suka yi fice kawai muka ƙirga, ba mu ƙirga masu irin sunan da ba su kai ko'ina ba. Na biyu, yawancinsu an haife su ne lokacin da kowa, sarki da talaka, yake da irin waɗannan sunaye, don haka sunan bai ware kowa ba. Tambayar Hajiya a kan yaron da aka haifa bana ce, wanda zai nemi aiki nan da shekara ashirin da wani abu, a lokacin da Talatu ta yi ƙaranci a birni. Shekarau kuma a wajen tsohon gwamna sunan mahaifi ne, Balarabe Musa sunansa na yanka Abdulƙadir.

Malam_Na_Tudu:
Wannan batu na zamani shi ne zuciyar maganar. A tsarin Hausawa na da, ba sunan farko ke nuna matsayi ba, sana'ar gida ce da asali: gidan sarauta, gidan malamai, fatake da attajirai, maƙera, marina, dukawa, wanzamai, mahauta, maroƙa. A wajen neman aure wannan ake bincika. Sunan yanka kuwa rumbu ɗaya kowa ke ɗiba. Muhammadu na fada da Muhammadu na bakin kasuwa duk Muhammadu ne, in sun yi yawa a gida a jera su Auwalu, Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu har zuwa Ashiru. Sarkin Kano da ya yi mulki daga 1963 zuwa 2014 Ado ake kiransa, wato Adamu a bakin Bahaushe, ba wanda ya ga ƙasƙanci a ciki.

Sunaye iri biyu ne kawai zan ce suna ɗauke da tabon hali tun asali. Na bayi a zamanin bauta, irin su Nagode da Allah-bar-Sarki, waɗanda ubangiji ke laƙabawa, kuma sun kusa ɓacewa. Sai na 'ya'yan wabi, wato na matar da 'ya'yanta ke rasuwa suna ƙanana: Ajuji, Ayashe, Bawa, Barau. Ana sa su ne don nuna kamar ba a damu da yaron ba, da fatan ya tsaya. Tunda mutuwar jarirai ta fi yawa inda babu asibiti da ruwa mai tsabta, irin waɗannan sunaye sun fi daɗewa a karkara. Nan kam akwai alaƙa ta gaske tsakanin suna da halin gida.

Rabuwar da ake gani yau ta taso ne da yawaitar islamiyyu da masu zuwa karatu Saudiyya, Masar da Sudan, sai kuma tauraron ɗan'adam da intanet. Mamman ya koma Muhammad, Dije ta koma Khadija, Mairo ta koma Maryam, daga baya aka shiga ɗauko sunayen da kakanninmu ba su taɓa ji ba.

Inna_Mai_Koko:
Malam ai yanzu ko a ƙauyen ma Ilham da Sultan sun cika gari. Sunan da matar ma'aikaci ta sa bana, nan da shekara biyar mai yi mata wanke-wanke ta sa wa tata 'yar. Su kuma masu halin sai su gudu su nemo sabo. Ta yaya abin da kowa ke iya ɗauka kyauta zai zama shaidar arziki?

Lissafi_Dalla:
Inna kin faɗi abin da masu nazarin sunaye suka lura da shi a ƙasashe da dama: suna yana gangarowa daga sama zuwa ƙasa, in ya yi yawa na sama su sake shi. Shi ya sa alamar ba ta daɗewa. Sunan da ke nuna ɗan gata a yau, lokacin da yaron zai gama digiri ya zama gama-gari. Wanda ya zaɓi suna don ya burge mai ɗaukar aiki na shekara 25 masu zuwa, lissafinsa ba zai fita ba.

Ɗan_Kurmi:
Kuna ta kallon sunan farko, alhali a ƙasar nan na ƙarshe ne ke buɗe ƙofa. Ɗantata, Bayero, Rabi'u, 'Yar'aduwa, Dasuƙi. Alhassan Ɗantata ya rasu tun 1955, amma har gobe sunan yana aiki a Kano, kuma Aliko Ɗangote ta wajen uwa jinin gidan ne. Abdussamad Rabi'u ɗan Isyaku Rabi'u ne. Sai dai a nan ma a lura, ba haruffan sunan ke aiki ba. Jari ne, da makaranta mai kyau, da mutanen da za su ɗaga waya in ka kira. Wani can da ba dangin kowa ba ya sa wa kansa Bayero, ba abin da zai ƙaru da shi.

Abin sha'awa, tsofaffin 'yan boko da yawa sunan gari suka ɗauka: Aminu Kano, Abubakar Tafawa Ɓalewa, Shehu Shagari, Isa Kaita, Sa'adu Zungur. Sardauna ma a makaranta Ahmadu Raɓa ake ce masa. Dalili biyu ne: masu suna ɗaya sun yi yawa a aji, kuma akwai kunyar ambaton sunan mahaifi. Wannan al'ada ta ɓoye asalin gida sosai, ɗan hakimi da ɗan manomi na gari ɗaya suna ƙarewa da suna ɗaya.

Hajiya_Ma'aikata:
Bari in faɗi yadda tantance masu neman aiki ke gudana a nan, don a san a wane mataki ake ganin suna. A manyan kamfanoni da bankuna, ana cike fom ne a intanet, kwamfuta ta fara tacewa da abubuwan da aka saita mata: darajar digiri, yawanci 2:1 ko 2:2, iyakar shekaru, takardar kammala hidimar ƙasa ko ta yafewa, da fannin karatu. Wanda ya tsallake ya zauna jarrabawar gwaji. Har zuwa nan ba mutumin da ya karanta sunanka. Sai a intabiyu, a lokacin kuma yadda kake magana da Turanci, da shigarka, da yadda kake kare abin da ka rubuta sun rufe sunan.

A aikin gwamnatin tarayya kuwa akwai tsarin raba daidai da sashe na 14(3) na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanada, da hukumar da aka kafa a 1996 don kula da shi. Abin da ake nema shi ne jiharka da ƙaramar hukumarka, da takardar shaidar zama ɗan asalin wurin. Ammar ne kai ko Ɗanlami, gurbin jiha ɗaya kuke takara a kai.

Inda suna ke cizo da gaske shi ne ƙananan wurare da mutum ɗaya ke duba takardu da hannu: makarantu masu zaman kansu, shaguna, otal, ƙananan kamfanoni, har da masu ba da hayar gida. Can ma ba talaka ko mai kuɗi ake karantowa ba, addini da yanki ake karantowa. Muhammad a wani gari, Emmanuel a wani garin, kowanne yana iya samun ƙofa a rufe. Wannan shi ya fi kama da abin da aka gani a Amurka, kuma shi ya kamata ya dame mu.

Bako_Na_Maraɗi:
Hajiya ta taɓo inda yake. A Faransa an yi gwajin da ya ware addini shi kaɗai, ya fito a 2010. Mata biyu na ƙirƙira, duka da sunan iyali na Senegal, Diouf, ilimi ɗaya: ɗaya Marie, ɗaya Khadija, aka kuma sa wa kowace alamar ta taɓa aiki da ƙungiyar agaji ta addininta. Marie ta samu amsa kashi 21 cikin 100, Khadija kashi 8. Wannan ya shafi 'yan Nijar kai tsaye, don can yaranmu da yawa ke tafiya karatu.

A nan gida Nijar kuma, abin da ke tona asalin mutum a takarda ba suna ba ne, ranar aihuwa ce. Wanda aka aifa a ƙauye ba a yi masa takarda ba, sai lokacin jarrabawar lakkwal, wato makarantar boko, a je kotu a karɓo hukuncin da ke maye gurbin takardar aihuwa. A tsofaffin takardu za ka ga an rubuta "wajajen shekara kaza", a na baya kuma 1 ga Janairu. Duk mai duba takardu ya san ma'anar wannan. Sai rubutun suna irin na Faransanci: Issoufou, Ousmane, Mahamadou, Aïchatou. Iyalin da ke da 'ya'ya a Maraɗi da Katsina, sai ka ga a takardar wa sunan uba Ousmane ne, a ta ƙane kuma Usman, alhali mutum ɗaya ne.

Mai_Kafe_Sabongari:
To ga inda suna ke kashe wa yaro aiki ƙiri-ƙiri, kuma ba ruwansa da daɗin suna ko rashinsa: saɓanin takardu. Abin da ke faruwa ke nan. Takardar haihuwa ta ce Muhammad, ta firamare ta ce Mohammed, WAEC ta ce Moh'd, NIN ta ce Muhammadu, banki ya ce Mamman. Tun 2021 JAMB ba ta rijista sai da NIN, kuma sunan da ke rumbun NIMC, hukumar da ke ba da NIN ɗin, shi take jawowa lokacin da yaro ya tura lambarsa zuwa 55019. In ya saɓa da na WAEC ko NECO, matsala ta fara tun daga tantancewar shiga jami'a, ta bi shi zuwa hidimar ƙasa, ta bi shi zuwa ranar da za a sa shi a tsarin albashi a ga BVN bai dace ba.

Kurakuran da suka fi yawa:

Juya gurbi. Fom yana da sunan iyali, sunan farko, sunan tsakiya. Mu kuma mun saba da jerin sunana, na uba, na kaka. Sai yaro ya sa sunansa a gurbin sunan iyali don shi ne na farko a fom. Sani Abubakar ya koma Abubakar Sani, a idon kwamfuta mutum biyu ne.

Raba Abdul. Abdurrahman a wata takarda, Abdul Rahman a wata, har a sa Abdul a gurbin farko Rahman a na tsakiya.

Alamar ɗauri da haruffa masu lanƙwasa. Sa'adu, Rabi'u, A'isha, Ɗahiru. Layukan ƙasan fasfo da na'ura ke karantawa ba sa ɗaukar alamar, Sa'adu yana fita SAADU, kuma gurbin suna a wurin harafi 39 ne kawai, dogon suna yana yankewa. Wasu shafukan ma suna ƙin karɓar fom in akwai alamar.

'Yan gida ɗaya da sunan ƙarshe daban-daban. Wannan ya ɗauki uba, wancan kaka, na uku unguwa. Ranar neman biza ta iyali ko karɓar haƙƙin mamaci a fansho ake gane illar.

Uwar_Tagwaye:
Malam Mai Kafe, to mene ne mafita ga mai jego yanzu, da kuma wanda ya riga ya faɗa ciki?

Mai_Kafe_Sabongari:
Ga mai jego: kafin ranar suna uba da uwa su zauna su rubuta suna uku a takarda harafi-harafi, su yanke wanne ne sunan iyali da duk 'ya'yan gidan za su ɗauka. A yi rijista da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa cikin kwana 60 da doka ta tanada, akwai wakilansu a asibitoci da sakatariyar ƙananan hukumomi. Katin asibiti ko na rigakafi ba ya maye gurbin wannan takarda. A karanta abin da ma'aikaci ya rubuta kafin a bar gabansa. Ranar kai yaro makaranta a miƙa kwafin takardar, kada a faɗi suna da baki. Lokacin rijistar WAEC a aji shida na sakandare uba ya duba da idonsa kafin a tura, don nan ne makarantu ke yawan gajarta Muhammad. Kuma a sa suna na tsakiya, saboda masu suna Abubakar Muhammad ba su ƙirguwa.

Ga wanda ya riga ya faɗa: kada ya bi kowace takarda yana gyarawa barkatai. Ya duba wadda ta fi wuyar canzawa, yawanci sakamakon WAEC ko shaidar digiri, ya mayar da ita ma'auni. Ya yi takardar rantsuwa a babbar kotu cewa sunayen duk nasa ne, ya buga sanarwa a jarida ta ƙasa ya ajiye shafin gaba ɗaya mai ɗauke da kwanan wata, ya nemi gyara a NIMC, in ya fita sannan ya je banki a daidaita BVN, fasfo ya zo daga ƙarshe. In aka fara da banki kafin NIN, sau da yawa sai an sake dawowa.

Yaya_Rakiya:
A ƙara da mata masu canza suna bayan aure. Digiri da sunan uba, takardar aiki da sunan miji, in aure ya mutu a sake komawa kotu da jarida. Ba dokar da ta tilasta wannan.

Almajirin_Zaure:
Yaya ta yi gaskiya, kuma shari'a ma nasabar uba ta sani, aya ta 5 a Suratul Ahzab ta ce a kira su da iyayensu maza. Matan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba wadda ta bar sunan mahaifinta.

A kan asalin tambaya, addini ya ba suna muhimmanci amma ta fuskar ma'ana, ba ta fuskar kasuwa ba. Muslim ya ruwaito cewa mafi soyuwar sunaye a wurin Allah su ne Abdullahi da Abdurrahman. Annabi ya canza sunaye masu mummunar ma'ana: wata mai suna da ke nufin mai saɓo ya mayar da ita Jamila, Barra ya mayar Zainab. A Bukhari akwai kakan Sa'idu bn Musayyib mai suna Hazn, aka ce ya koma Sahl ya ƙi, jikan ya ce tsanani bai gushe a cikinsu ba. Don haka wanda ya bar Ajuji ko Ayashe saboda ma'anarsu da camfin da ke ƙarƙashinsu yana da hujja. Wanda kuwa ya bar Hauwa'u ya ɗauko kalmar da ya ji a fim, bai tambayi mai Larabci ma'anarta ba, don kawai kada a ce shi ɗan ƙauye ne, wannan ya sake tunani. Ba kowace kalma da ke cikin Alƙur'ani ce ta dace da suna ba, akwai sunayen azaba da na kafirai a ciki. Kuma a mazhabar Malikiyya dabba ɗaya ce ga namiji ko mace ranar bakwai, mai hali da marar hali sunnar ɗaya ce.

Baban_Hanan:
Allah ya saka Malam. Amma ni har yanzu ina ganin yaro yana jin sunansa a jikinsa. Yarinyar da ake wa dariya a aji saboda ana kiranta Ajuji ba za ta riƙa ɗaga hannu ba. Malami ma ɗan'adam ne, yana iya sa ran ƙoƙari daga wani suna fiye da wani tun kafin ya ga aikin yaran. Wannan ba zai fito a lissafin kiran intabiyu ba, amma yana taruwa shekara da shekaru.

Hajiya_Ma'aikata:
Alhaji wannan damuwa ce ta gaske, maganinta kuma yana hannun makaranta: lambar jarrabawa a kan takardar amsa maimakon suna, kamar yadda jami'o'i ke yi da lambar rijista. A wajen ɗaukar aiki ma akwai irinsa, a cire suna, jinsi da adireshi kafin masu tantancewa su gani. Gwamnatin Birtaniya ta sanar da fara hakan a aikin gwamnati a 2015. Sai dai ba kullum yake ba da abin da ake so ba. Da hukumar samar da aiki ta Faransa ta gwada wajen 2010, sai aka ga 'ya'yan baƙi sun ƙara samun ƙarancin kira. Kamfanonin da suka yarda su shiga gwajin dama masu sassauci ne, suna yi wa mai irin wannan suna uzuri in sun ga giɓi a takardarsa, da aka ɓoye sunan sai uzurin ya tafi. A nan kuma ko ka cire suna, makarantar da aka yi da jihar asali suna nan a fom.

Gaskiya_Ɗaya:
Shi ya sa nake cewa a kai hankali kan abin da ake iya aunawa. Baban_Hanan yana maganar abin da yaro ke ji, ban musa ba. Amma ɗauki yara biyu masu suna Ammar, ɗaya a makarantar da aji ke da yara 25, ɗaya a ajin da ke da sama da 100 ba kujera. Suna ɗaya, makoma daban.

Ɗan_Kurmi:
Ni kuma ina tsoron ranar da za a wayi gari babu Gambo, babu Azumi, babu Balarabe a ƙasar Hausa, saboda an tsorata iyaye da maganar aiki. Waɗannan sunaye tarihin haihuwar mutum suke ɗauke da shi. Ana iya sa su a gurbin tsakiya a takardar haihuwa, sunan yanka a farko, sunan iyali a ƙarshe. Mai Kafe, akwai wata matsala in aka yi haka?

Mai_Kafe_Sabongari:
Babu ko kaɗan, ya ma fi, don Ibrahim Tanko Usman ya fi wuyar cin karo da takwara a kan Ibrahim Muhammad Usman. Sharaɗin dai ya shiga tun a takardar farko kuma a riƙa rubuta shi cikakke ko'ina, kada wata takarda ta ce Tanko wata ta ce T. kawai. In tagwaye ne irin na Hajiya mai tambaya, a ƙara kula: Hassan da Hussaini ranar haihuwa ɗaya, sunan uba ɗaya, adireshi ɗaya, don haka a ba kowanne sunan tsakiya daban, kuma a yi musu rijistar NIN da lambar waya daban-daban in lokacin JAMB ya zo, don layi ɗaya ɗalibi ɗaya yake ɗauka.